Muryar Maigida a Cikin Dikoda

A wata rumfar kayan lantarki da ke kasuwar Bukuru, Murjanatu ta dire tsohuwar dikodarta gaban mai shagon.

"Na'urar ɗaukar shirin talabijin nake nema, wadda ba a biyan kuɗin wata."

"Akwai, Hajiya. Amma taki ai ta fi kyau."

"Maigidana ne a ciki. An yi hira da shi a kasuwar shanu, na ɗauka. Bayan rasuwarsa kuɗin wata ya ƙare, suka kulle."

"Ki biya mana, za su buɗe."

"Duk wata in sayi muryar mijina? Kwashe min shi ka zuba a sabuwar."

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba ya kwasuwa, Hajiya."

Ta rungumi dikodarta ta miƙe. "Ko kabarin da yake kwance ba a karɓar haya."