Yashin da ke Bakin Gudron

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Rifkatu, ɗiyar marigayi Yohanna mai salati. Pasto ya ce in rubuta shaidata kafin in tashi gabanku, don ya san bakina. To, na rubuta. Ba ni son dogon zance, ku yi haƙuri in na yi.

Yawancinku kun san Baba. Wanda bai san sunansa ba ya san kekensa, baƙin keke mai kwando biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, salati da tumatir suna leƙowa. Lambunsa yana cikin kwari, bayan gari, ta hanyar Gidigir. Ƙasar ba tamu ba ce, aro ce. Wani dattijo, Malam Kyari, shi ya ba Baba tun ba a haife ni ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: muddin ana aiki a wurin, namu ne. Ran da aka bar shi ya bushe, zai ba wani. Da lambun nan muke ci, da shi na yi makarantar lekol har na samu takardar birbe na shiga lise, wato babbar sakandare.

Kun san yadda ake yi a kan gudron ɗin nan, hanyar kwalta. Ba wanda ya koya mana, amma kowa ya sani. Kamyo, babbar motar kaya, ya taho bayanka, shofer ya danna oda don ka kauce, kai mai keke ka sauka gefe. Shi ba ya rage gudu. Ya yi oda, ya gama nasa. Saura naka.

Akwai wani wuri bayan kwanar hanya inda tudu yake zubo yashi har bakin gudron. Yashi mai laushi, irin wanda ƙafa take nutsewa har idon sawu. Baba yana dawowa da safe, kwandunan cike. Kamyo ya yi oda. Baba ya sauka gefe, yadda ya saba yi duk rayuwarsa. Tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya cak, nauyin kaya ya juyo da shi cikin hanya. Tayoyin baya na kamyon suka same shi.

Bai yi laifi ba. Abin da aka ce mai keke ya yi, shi ya yi.

Ina cikin aji aka zo kirana. Na je gidan likita, na gan shi an rufe. Inna tana ƙasa tana birgima. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙafarsa. Takalmi ɗaya babu. Abin da na yi ta tunani ke nan: ina ɗayan ya faɗi? Wa zai tsince shi? Me zai yi da takalmi ɗaya?

Ban yi kuka ba. Ran biso ma, da aka kai shi kabari, ban yi ba.

Ana zaman gaisuwa, shofer ɗin ya zo da manyansu na tasha. Sunansa Ari. Ya tsugunna a ƙofar ɗaki, ya kasa ɗaga kai. Wani dattijo ya yi magana a madadinsa, ya ce ƙaddara ce, a yafe masa. Inna ta ce, "Mun yafe." Aka juyo gare ni. Na ce, "Na yafe," kamar yadda nake amsa suna a aji. Wasu matan zumunta da ke zaune nan yau suka ce, "Kai, dubi bangaskiyar yarinyar nan, ko hawaye babu."

Iyayena mata, ba bangaskiya ba ce. Babu kowa ne a cikina.

Na daina zuwa lise. Ba wani dalili, na tashi wata safiya ban tafi ba, shi ke nan. Ina zuwa sujada ran Lahadi don Inna tana zuwa. Kuna waƙa, bakina yana motsi. Pasto ya ce mu rufe ido mu yi addu'a, in rufe, in ga duhu, in buɗe. Ban yi fushi da Allah ba. Da ma fushin ne, da sauƙi. Tuwo, shinkafa, kunu, duk ɗanɗanonsu ɗaya, kamar ina tauna takarda.

Kun san ni da faɗa. Masu kanti a kasuwa sun san ni, ba a cutata a awo in yi shiru. Amma wata rana mai kabu-kabu ya taka mini ƙafa da moto, wato babur, na dube shi, na wuce. Da na dawo gida Inna ta ga ƙafar ta kumbura, ta tambaya, na gaya mata.

Ta ce, "Me kika ce masa?"

Na ce, "Ba komai."

Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Rifkatu, don Allah ki yi faɗa. Ko da ni ne, ki yi."

Na ce, "To." Na shiga ɗaki.

Cikin kwanakin nan Ari ya dawo, shi kaɗai, yana ture da keken Baba. Ya kai an miƙe ƙarfen, an sa sabuwar taya, har da sabbin kwanduna. Ya yi sallama ya tsaya. Na ce, "Ajiye can." Ya jingina shi da bango. Ya ƙara tsayawa kamar zai ce wani abu. Ban taimake shi ba. Ya tafi. Keken ya zauna nan, kaji suna kwana cikin kwandon.

Sai ga Malam Kyari. Mutumin kirki ne, ban da abin cewa a kansa. Ya gaishe da Inna, ya sha ruwa, ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya zo kan magana. Ya ce mutanen gidansa sun yi ta ban ruwa a lambun saboda Yohanna, amma nasu aikin ya yi musu yawa. Salati ya mutu, tumatir yana binsa. Kuma akwai mai neman wurin.

Ya ce, "Ina jin kunyar karɓa daga hannunku. Amma in kasuwa mai zuwa ta ci ban ga kowa ba, ban da abin da zan ce wa mutumin."

Inna ta ce, "Za ka ga mutum."

Wane mutum? Ni kaɗai ta haifa. Ita kuma gwiwoyinta ko rijiyar unguwa ba sa kai ta.

Washegari na fito na tarar ta ɗaura ɗamara, guga a hannu, tana neman sanda. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta huta, ta ɗaga ɗaya. Kada ku ce tausayi ya kama ni, ban ji tausayi ba. Ni dai tun ina ƙarama ban iya kallon mutum yana abu a hankali ba. Na ce, "Inna, a haka sai azahar ba ki wuce tasha ba. Kawo." Na fizge gugan, na kori kaji, na sa wando ƙarƙashin zane, na hau keken.

Har na fita gari ban ji komai ba. Na wuce masu jakai, wani moto ya wuce ni. Na sha kwana, ga yashin nan. Ta ɓangaren da nake ma ya zubo, ya kwanta bakin gudron, lumui, ba ko alamar sawu.

Sai oda a bayana.

Ban waiwaya ba, ƙarar ta isa. Kamyo ne babba, kuma da gudu. Ya sake dannawa, doguwa. Hannuna ya riga ya fara karkata kan keken zuwa gefe, don haka muka tashi muka gani. Na dubi yashin. Na san abin da zai yi wa tayar gaba.

Nan na yi addu'a, ta farko tun ran da aka kira ni daga aji. Ba mai kyau ba ce. Cewa na yi, "Yesu, ba zan sauka ba. Ka yi yadda ka ga dama."

Na tsaya kan gudron. Na miƙa hannun hagu, ina yi masa alama ya rage. Na ci gaba da tuƙi.

Na ji birki yana kuka. Na ji iska tana fita daga ƙarƙashin mota, fuuu. Na ji zafin injin a bayana. Bai taɓa ni ba. Ya biyo ni a hankali, katon kamyo bayan keke mai kwando, har yashin ya ƙare. Da na ga ƙasa mai tauri na tsaya, na sauka, na janye keken gefe.

Ya faka gaba kaɗan. Shofer ɗin ya diro, dattijo ne mai furfura a gemu, rawaninsa ya warware, yana tahowa yana masifa.

"Ke! Kurma ce ke ko mahaukaciya? Ba ki ji oda ba? So kike ki ja mini bala'i da safen nan?"

Ƴan'uwa, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, mai zafi. Na daɗe ban ji shi ba har na kusa kasa gane shi.

Na ce, "Na ji! Duk garin Gure ya ji odarka! In sauka ina? Zo ka nuna mini inda zan sauka!"

Ya ce, "Gefe mana, kamar kowa!"

Na ce, "Ga gefen can. Je ka taka."

Ya dube ni, ya dubi yashin. Don ya ƙaryata ni, ya koma ya taka. Takalminsa ya nutse, da ya ɗaga ƙafa sai ƙafar ta fito ita kaɗai.

Na ce, "Nan kuka kashe ubana. Ya ji oda, ya sauka."

Ya dubi keken, ya dubi kwandunan. Ya ce, "Ke ɗiyar mai salati ce?"

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Innalillahi." Ya tono takalminsa ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Ƴata, tun ina saurayi nake bin hanyar nan. In na yi oda, keke ya kauce, in wuce. Wallahi ban taɓa duba inda yake sauka ba. Daga sama duk ƙasa ɗaya ce."

Ya koma mota ya zaro felu, irin wanda suke ɗaurewa a jikin kamyo don tono taya in ta kafe. Ya fara kwashe yashin daga bakin gudron yana watsawa can baya. Tsoho, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana haki.

Ƙafar nan na kalla. Sai abin ya ɓalle.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Kuka mai ƙara, mai majina, irin na yara. Na kira Baba. Na kira Yesu. Shofer ɗin bai ce in yi haƙuri ba, Allah ya saka masa. Ya ci gaba da aikinsa har na gaji don kaina. Kafin ya tafi ya ce mini Ari bai sake taɓa sitiyari ba, yana nan tasha yana zaune, ba ya magana da kowa.

Na isa lambu rana ta ɗaga. Rabinsa ya mutu. Na ja ruwa har tafin hannuna ya sale. Malam Kyari ya leƙo ta kan shinge ya ce, "To, na ga mutum." Na tsinki wani tumatir ƙarami da ya tsira, na goge a zane, na ciza. Tsami! Tsami har cikin kunne. Na tsaya ina taunawa ina cewa na gode, na gode.

Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban warke duka ba. Akwai ranakun da nake tashi babu kowa a ciki, kamar da. Lise ma ban koma ba tukuna. Amma lambun yana hannunmu, salati ya sake fitowa, jiya kuma na yi faɗa da mai awon gero har Inna ta yi dariya.

Kuma ban ce ku yi yadda na yi ba. Mai keke, in ka ji babbar mota kuma gefe yashi ne, kada ka faɗa masa da gudu. Ka tsaya tun da wuri, ka sauka da ƙafarka. Ku kuma masu mota da moto da ke cikin ikilisiyar nan, na san ku, ina ganin yadda kuke fita bayan sujada. Oda ba birki ba ce. Kafin ka kori mutum daga hanya, duba inda kake tura shi.

Na je tasha na sami Ari a kan benci. Da ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na ce, "Yafewar da na yi maka ran gaisuwa ba tawa ba ce, baki ne kawai. Yau na kawo tawa. Na yafe." Ya rufe fuska da hula. Ban iya tsayuwa kallon babban mutum yana kuka ba, sai na ce, "Kana da felu?" Ya ce yana da shi. Na ce, "Asabar da safe, bayan kwana. Iska tana mayar da yashin kullum."

Ya zo. Yana zuwa har yanzu.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ko ladabi babu a cikinta. In akwai wanda ke zaune nan bakinsa yana motsi, ciki babu kowa, kada ka jira sai ka iya addu'a mai kyau. Faɗa masa yadda take, ka dogara gare shi. Yana ji.

Asabar kuma muna bayan kwana. Felu biyu ne kawai gare mu. Amin.