Mai Tarakta da Tsohuwar Zauro

Da hantsi a tashar motar Argungu, shekarar samun 'yancin kai, Isuwa direban tarakta yana gyangyaɗi a kan benci, yana jiran motar Birnin Kebbi. Wata tsohuwa mai kwandon albasa ta zauna kusa da shi.

"Ɗana, barci da hantsi haka? Ko ba ka da lahiya?"

"Lafiya lau, Inna. Aikin dare nake yi. Ina huɗar fadamar shinkafa, wannan wata Gulma, wancan Zauro."

"Zauro! Ashe kai ne mai wanga ƙarhe da ke ƙugi har asuba! Mi ya hana ku yi da rana kamar mutane?"

"Gonakin sun yi yawa, ruwa kuma ba ya jira. Wani na ja da rana, ni da dare. Wata biyu ke nan ban kwana gida ba. Zuwana na ƙarshe, 'yata Roda ɓuya ta yi bayan uwarta, ba ta gane ni ba."

Tsohuwar ta dube shi, ta ce:

"Yaushe za ka komo wajenmu?"

"Na gama da Zauro, Inna. Kun huta."

"Wa ya ce maka hutu ne? Tun da maigidana ya rasu, ni kaɗai ke kwana a ɗaki. In na farka na hangi fitilarka tana kai da komo cikin fadama, sai in ce, to, ga wani bawan Allah ido biyu, ba ni kaɗai ba ce. Sai hankalina ya kwanta."



"Baɗi in sun maido ka," in ji ta, "ka fara da gonakin bakin gari. Nan ɗakina yake."