Ni ba "wani manomi" ba ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare.

Na bar kwaleji a aji uku. Da hannuna na gina rijiyoyin garkata a Kalfu, na ɗaga rudun ajiyar albasa, yau motata ke kai kaya har Abijan. Ba furojen agaji, ba wanda ya kama mini.

Bara wani ɗan jarida, baƙar fata kamarmu, ya zo daga wata telebijin ta Turai. Na tarbe shi cikin babbar rigata. Ya ce, "Baba, tuɓe ta ka sa ta aiki, Turawan da ke kallonmu ba za su yarda kai manomi ne ba." Na tuɓe, don girmama baƙo.

Da ƙanena na Faransa ya turo mini shirin ta waya, sai ga ni cikin tsumma, an rubuta "wani manomi ɗan Afirka". Turawa na girgiza kai, ɗan jaridar kuwa yana lallashinsu, wai in an taimaki baƙar fata shi ma zai iya.

Wa ya taimake ni? Malam, ɗaga murya ka faɗi sunana ya ji daga can: Hamidu Mai-Albasa, Kalfu. Haka za a rubuta shi.