Kada a Raba Baka da Gizo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai Unguwa Kyari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Dattawan unguwa, iyayena mata, da ku da kuka baro gonakinku daga Kwandere da Shabu kuka shigo Lafiya saboda wannan zama, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce Falmata, matar marigayi Malam Ya'akubu. Na gode da kuka wanke shi, kuka sallace shi, kuka kai shi makwancinsa. Na gode da dawa da doyar da kuka yi ta aikowa har na fita takaba. Na gode kuma da kuka yarda in yi magana ta bayan asabari.

Na ji an ce yau za a yanke a rufe zaurensa, kowane yaro ya koma gidansu. Kafin ku yanke, ku ji abu uku.

Na farko, ku san abin da ake yi a zauren. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina daka a tsakar gida, kunnena yana can. Tun kafin Nasara su iso, idan an jingine alluna, Malam yakan koya wa yara Hausa, don ya ga ana yi wa 'ya'yan ƙauye dariya a kasuwa. Abin da ya fi ba su wuya shi ne kalma biyu da suka haɗu suka zama suna ɗaya. Sai ya tsayar da yara biyu, ɗaya ɗan gari, ɗaya 'yar ƙauye. Ya ce, "Kai ne ruwa, ke ce sama. Ku kama hannu. To, yanzu mene ne ku?" Yara su ɗauka gaba ɗaya: "Ruwan sama!" Ranar da aka zo kan gashin baki, wani yaro Kolo ya fashe da kuka, wai shi ba zai zama gashi ba, jiya aka yi masa aski. Malam ya ce, "To zama baki, tunda naka ba ya rufuwa."

Kuma ba a zaure kawai ba. Waɗanda ya haɗa, akushi ɗaya suke ci, tare suke zuwa rafi, da suna ɗaya ake kiransu.

Na biyu, 'yata Rahmatu. Da aka zo kan bakan gizo, ita ce gizo, Batulu 'yar Nababa ta Kwandere ita ce baka. Batulu ta zo gidan nan ba ta iya ko gaisuwa ba, yau ita ke gyara min magana. Tun da aka yi rasuwa aka ɗauke Batulu aka mayar da ita gida. Rahmatu ta daina tambayata ina babanta, ta gane wannan. Amma kullum na zuba mata tuwo sai ta ci gefe ɗaya ta bar gefe ɗaya. Na ce, "Cinye mana, uwata." Ta ce, "Inna, na baka ne."

Na uku, roƙona. Ban iya biya allo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina roƙon Liman ya turo wanda zai biya musu. Amma haɗa hannun yara biyu, wannan na iya, na gani har na haddace. Ku bar min zauren zuwa kaka. In kun ga ba amfani, ni da kaina zan ja ƙyauren.

Baban Batulu, na ji muryarka tun ɗazu. Na san kana bukatar hannunta a gona, ban kuma ga laifinka ba. Amma akwai rabin tuwo a rufe a ɗakina tun safe.

Allah ya jiƙan Malam da dukkan magabatanmu. Allah ya raya mana yaran nan, na gari da na ƙauye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.