Mai Gidaje Uku a Takarda

A ɗakin jira na ofishin haraji, wata malamar makaranta da wani direba suna zaune a bencin da ke gabana.

"Malama, ke ma kiran ki aka yi?" in ji direban.

"Gyara na zo yi. Mu tun albashi bai iso hannu ba an yanke haraji. Nakan lumshe ido in ga masu kuɗi sun biya nasu kamar mu: ajina ya daina yoyo, kowane yaro da kujerarsa."

"Ai suna biya. Maigidana duk shekara sai ya ba ni takardu na sa hannu."

"Kai kake sa hannu, ɗan'uwa?"

"Ni mana, ya yarda da ni! A takarda gidajen haya uku gare ni." Ya yi murmushi. "In ina jiran sa a mota, nakan zaɓi wanda zan zauna a ciki. Mai benen nan. Har na ware wa 'yata ɗaki, tagarsa na kallon gabas."

"Ka taɓa shiga?"

"Bakin ƙofa nake tsayawa."

"Maigidan fa, yana ina?"

"Ya yi tafiya. Ya ce in zo kawai, gaisawa ce."

Malamar ta karɓi wasiƙar kiran da ke hannunsa ta karanta. Sai wani ma'aikaci ya leƙo.

"Ina mai gidaje ukun nan, da bai biya harajin shekara shida ba?"

Direban ya miƙe, ya gyara zaman hularsa.

"Kin ji ko, Malama? Yau ne farkon da aka kira ni haka."