Ƙasar Soron Kaka Ta Tafi Gona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajara, ɗaliba a Kuala Lumpur.

Kullen korona ya zaunar da ni gaban talabijin, ina kallon Turawa suna tonon harabar wani tsohon gidan attajirai a Ingila. Da burushi suke share ƙasa, tsingaro ɗaya suka samu sai murna.

Ina cikin kallo Yaya Sani ya kira daga Zariya: "Ƙanwata, ruwa ya kayar da soron Kaka. Mun kwashe ƙasar a tifa, an kai gona taki."

A bayan soron nan aka binne cibiyata. Ga shi babu jirgi, balle in je in tsinci ko tsingaro.

Jama'a, ku ba ni shawara: in na koma, ina zan nuna wa 'yata in ce nan ne gidanmu?