Jirgin Corinne

Ranar Talata da yamma Lorraine na jiran jirgin 'yarta a filin jirgin saman wani gari na jihar Idaho ta Amurka, da kwanon taliyar da ta dafa mata a cinya. Wani dattijo mai hular jami'ar garin ya zauna kusa da ita, irin masoyan jami'a da ba su san hanyar aji ba.

"Madam, kin ji mun bar gasar wasannin jami'o'in maƙwabta mun koma ta gabashin ƙasa? Dala miliyan talatin duk shekara daga talabijin!"

"Mun? Nawa aka ba ka, Yallaɓai?"

"Ni ai bayarwa nake. Shekara ashirin ina tallafa wa 'yan ƙwallon zari-rugarmu."

"Madalla. Tarar ficewa fa?"

"Muna kotu. Za mu yi nasara."

"Lauyoyi dai sun riga sun yi. 'Yata Corinne na buga muku ƙwallon raga, da shi ake biya mata karatun jinya. A da, zuwa wasa tafiyar awa biyu ce a bas. Yau wasa ya kai ta har Carolina, can gabas, gobe da safe tana da aikin asibiti a nan. Sau uku ke nan tana rasa aikin. In ta ƙara, ta maimaita shekara."

"To, ta bar wasan mana."

"A janye tallafin, kai ka biya?"

Dattijon ya gyara hula. "Tsaya tukuna. Wai muna da ƙungiyar ƙwallon raga?"

Sai aka yi sanarwa cewa jirgin Carolina ba zai sauka ba sai gobe da rana. Lorraine ta buɗe kwanon, ta ɗora masa a cinya.

"Ci, Yallaɓai. Yau ranar murnarku ce."